'Yata mai shekara 15 ta yi ciki, mahaifinta bai sani ba

Assalamu alaikum Anti. Don Allah ki sakaya sunana da na unguwarmu. Ni uwa ce mai 'ya'ya shida, muna zaune a cikin Kano. 'Yata ta biyu shekararta 15, tana aji ɗaya a babbar sakandare, ita ke fita mini da tallar awara da yamma in ta dawo daga makaranta. Na lura ta daɗe ba ta yi fashin salla ba, ba ta kuma tambaye ni kuɗin auduga ba, ga kasala da yawan tofar da yawu. Na sayo abin gwajin fitsari, ya nuna layi biyu. Na dake ta har sai da hannuna ya gaji, sannan ta ce mai shagon bakin layinmu ne, magidanci mai mata da 'ya'ya. Wai yakan saye awarar gaba ɗaya ya ƙara mata kuɗi, har waya ya saya mata ta ɓoye, ya ce zai aure ta in ta gama makaranta. Rabonta da al'ada wata huɗu. Da ta gaya masa sai ya ce shi bai san zancen ba.

Mahaifinta bai sani ba. Mutum ne mai zafi, ya sha faɗa cewa duk 'yar da ta jawo masa abin kunya ba shi ba ita. Yayata ta ce ta san wani mai kemis da zai cire shi kafin ya fito. Wata aminiyata ta ce a matsa wa mutumin ya aure ta da sauri a rufa asiri. Yarinyar ta daina cin abinci, jiya da dare na ji tana cewa gara ta mutu kowa ya huta. Ni ma ba na barci. Ina zan sa kaina?

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Sannu, Allah Ya sanyaya miki zuciya. Abin da ya same ki babba ne, kuma ba zan ce miki ƙarami ne ba. Amma a duk wasiƙarki, maganar da ta fi tayar mini da hankali ita ce wadda kika ji jiya da dare, don haka da ita zan fara.

Yarinyar da ta daina ci, ta kuma furta cewa gara ta mutu, ba a ɗaukar maganarta a matsayin rigimar ƙuruciya. Yau ɗin nan, kafin ki sake tunanin mai shago ko mahaifinta, ki kwashe fiya-fiya da shinkafar ɓera da duk ƙwayoyin maganin da ke ɗakin, ki kulle su ko ki fitar da su daga gidan. Ta dawo kwana kusa da ke, kada a bar ta ita kaɗai na tsawon lokaci. Ki zaunar da ita ki tambaye ta kai tsaye ko ta yi tunanin illata kanta, ko ta riga ta sha wani abu don cikin ya fita. Tambayar ba ta cusa wa yaro wannan tunani, sai ma ta ba shi ƙofar da zai yi magana. Idan ta ce ta yi niyya ko ta tanadi wani abu, asibiti za ku nufa a ranar, ki faɗa wa likita yadda ta faɗa miki. Dukan kuma ya tsaya haka. Na san zafin zuciya ne ya sa, amma duka yana iya jawo zubar jini, kuma yana rufe bakin yarinya a daidai lokacin da kike buƙatar ta gaya miki komai. Ta ji daga bakinki cewa ranki ya ɓaci, amma ke uwarta ce har gobe, kuma ba za ki bari ta shiga wannan ita kaɗai ba. Ki dama mata kunu ki zauna har ta shanye.

Sai mu duba yadda aka yi aka zo nan, saboda idan aka raba laifi ba daidai ba, maganin ma ba zai zo daidai ba. Magidanci ya ga yarinya 'yar shekara 15 da farantin talla. Ya san ana jiranta da ciniki a gida, sai ya saye kayan duka, ya sauke mata fargabar yin kwantai. Ya ƙara mata kuɗi, ya ba ta waya don ya riƙa samunta ba tare da saninki ba, ya ɗora alƙawarin aure a kai. Wannan shiri ne na babban mutum da ya san abin da yake nufi tun ranar farko, kuma haka irinsa suke yi a ko'ina, mataki-mataki, har yarinya ta ji ana bin ta bashi. 'Yarki ta yi kuskure da ta karɓa ta ɓoye, amma nauyin da ke wuyanta bai kama ƙafar nasa ba. Ke kuma na san kina cin kanki da cewa ke kika ɗora mata talla. Gaskiya ne tallar yamma ita ta buɗe ƙofar, ba zan ɓoye miki ba. Sai dai babu ce ta sa, ba rashin so ba, kuma ke ɗin ce kika lura, kika gwada, kika nemi shawara.

Maganar kemis, ki gode wa yayarki da damuwarta, amma ki ce mata a'a, kuma ki tabbatar ba ta ja yarinyar gefe a bayan idonki ba. Cikin wata huɗu ba ɗan tayi ba ne, jariri ne da gaɓoɓinsa da mabiyiyarsa. Ƙwaya ko allurar da za a ba ta a bayan kanta a wannan matakin tana iya ɓalle jinin da ba mai iya tsayar da shi a ɗaki, ko ta fitar da rabi ta bar rabi ya ruɓe a mahaifa, zazzaɓi ya rufe ta, guba ta shiga jini. In kuwa ƙarfe aka sa, ana huda mahaifa har a taɓa hanji. Da yawa ana kai su asibiti a kurarren lokaci saboda an tsaya ɓoyewa, wasu a rasa su, wasu a cire musu mahaifa suna 'yan shekara goma sha. Asirin da aka so rufewa kuma ya tonu a hanya mafi muni, an gudu gara an faɗa gidan zago. A dokar da ake aiki da ita a Arewa, zubar da ciki laifi ne sai idan don ceton ran uwa ne, hukuncinsa yana kaiwa ɗaurin shekara 14. A addini ma malaman Malikiyya sun hana shi tun yana ɗan kwanaki, balle wanda ya doshi kwana 120, lokacin busa rai. Abu ɗaya zan ƙara: in har ta riga ta sha wani abu kika ga jini, ko ciwon mara mai tsanani, ko zazzaɓi, ku garzaya asibiti ku faɗi gaskiyar abin da ta sha. Aikin ma'aikatan lafiya su ceci ranta.

Cikin satin nan ki kai ta awo. Idan kina tsoron idon sani, ku je asibitin gwamnati na wata unguwar, ba mai neman takardar aure kafin ya yanka kati. A zuwan farko za a yi mata hoton ciki don a san watanninsa na gaskiya da ranar da ake sa ran haihuwa, domin lissafin yarinya ba abin dogaro ba ne. Za a auna hawan jini, a gwada fitsari, a ɗebi jini a duba yawansa da rukuninsa, a kuma gwada ƙanjamau da ciwon hanta da tunjere. Kada ki ji nauyin waɗannan ukun. Mutumin da ya yi wa 'yarki haka ba ki san inda ya bi ba, kuma duk cikinsu akwai abin da ake yi don kare jariri idan an gano da wuri. Za a ba ta ƙwayar ƙarin jini ta kullum. Takan sa bayan gida ya yi baƙi ko ya yi tauri, wannan ba dalilin dainawa ba ne, sai dai kada ta haɗa ta da shayi don yana hana jiki zuƙarta. Za a ba ta Fansidar, ƙwaya uku ta haɗiye a gaban nas, wata-wata, aƙalla sau uku kafin ta haihu, saboda zazzaɓin cizon sauro yana shanye jinin mai cikin fari, yana kuma tsumburar da jariri. Akwai allurar tetanus guda biyu, sati huɗu tsakaninsu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya aƙalla sau takwas, ku kuma kun riga kun makara, don haka kada ku tsallake ko ɗaya. Ta kwana cikin gidan sauro. Abinci ba sai mai tsada ba: wake, gyaɗa, zogale, alayyahu, ƙwai ko kifi in an samu, da awarar da kike soyawa, domin ita kanta yarinyar ba ta gama girma ba, jiki biyu ake ginawa.

Dalilin da ya sa na dage a kan awo shi ne shekarunta. 'Yan ƙasa da shekara 20, musamman irinta, sun fi manyan mata haɗarin jijjiga, da haihuwar bakwaini, da jaririn da bai kai kilo biyu da rabi ba. Jijjiga ba ta zuwa haka kawai, hawan jini ne ke share mata hanya, shi ya sa idan awo ya nuna 140 bisa 90 ko fiye ake sa ido sosai. A gida ki kula da ciwon kai mai tsanani da ba ya jin magani, gani dishi-dishi ko walƙiya a ido, kumburin fuska da hannu, ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, zubar jini ko ruwa, zazzaɓi, ko raguwar motsin jariri a watannin ƙarshe. Ko ɗaya kika gani, ko da tsakar dare ne, ba a jiran gari ya waye.

Haihuwa kuma a asibitin da ke da ɗakin tiyata da wurin ƙarin jini za a yi ta. A nan ne rufin asiri ya fi cin 'ya'yan mutane: a kulle yarinya a ɗaki kwana biyu tana naƙuda don kada maƙwabta su ji. Ƙugunta bai gama buɗewa ba, kan jariri ya tokare, ya danne mafitsara a jikin ƙashi har naman wurin ya mutu. Bayan 'yan kwanaki wurin ya huje, fitsari ya riƙa zuba ba tsayawa, jaririn kuma galibi ba ya zuwa da rai. Yoyon fitsari ke nan, wanda ake wa mata aikinsa a cibiyar Laure da ke asibitin Murtala a nan Kano, da Babbar Ruga a Katsina. Da naƙuda ta fara ku tafi. Kada a yi mata yankan gishiri, kada a kira wani ya yi mata allurar naƙuda a gida, tana iya fasa mahaifa. In likita ya ce sai an yi aiki, a sa hannu nan take. Tun yanzu ki fara tara ɗan abin da ya samu, ki riƙe lambar mai adaidaita sahu ko mai motar da zai amsa da dare, ki san mutum biyu a dangi da za su iya ba da jini. Ki kuma tambaya a wurin awo ko asibitin yana cikin shirin tiyatar haihuwa kyauta da Gwamnatin Tarayya ta sanar a 2024.

Yanzu maigida. Ba zan ba ki shawarar ɓoye masa ba. Nan da wata ɗaya ko biyu hijabi ba zai rufe cikin ba, kuma idan a majalisa ya ji, fushinsa zai ninku, ya haɗa har da ke. Amma ba ke kaɗai za ki tare shi ba. Ki nemi wanda ba ya iya ɗaga wa murya, mahaifiyarsa in tana da rai, ko yayansa, ko malamin da yake jin maganarsa, mutum ɗaya mai riƙe sirri. Ki fara kai yarinyar awo, sannan a ranar da za a gaya masa ta kasance a gidan kakarta ko gwaggonta. A bari ya ci abinci ya huta. A fara masa da abin da mutumin ya shirya, yadda ya bi ta da kuɗi da waya, kafin a kai ga cikin. Abu uku za a roƙe shi: kada ya tsine mata, kada ya kore ta, kada ya ɗauki makami ya nufi shagon, don kada gidan ya wayi gari da 'ya mai ciki da uba a kurkuku. Ki shirya jin maganganu masu zafi, ƙila ya ɗora miki laifin duka, ƙila ya yi kwanaki ba ya magana. Ki tuna shi ma ciwo yake ji, uban da ya yi irin wancan furucin sau da yawa tsoron abin ne ya sa shi furtawa. A tuna masa cewa hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, kuma yarinyar da aka kora da ciki ba ta da wurin zuwa sai tasha da hannun waɗanda suka fi mai shagon mugunta. Idan kina jin zai iya yi mata illa, ta zauna can wurin dangi har ya huce.

Shawarar aminiyarki ma ba ta ɓullewa. A mazhabar Malikiyya da muke bi, ba a ɗaura wa mai ciki aure sai ta haihu, in an ɗaura ma ɓatacce ne. Kuma ko lissafi aka bi, cikin wata huɗu saura wata biyar, alhali ɗa ba ya jingina ga miji sai an haife shi bayan aƙalla wata shida da aure. Ba a rufe komai ba ke nan. Ga shi za a miƙa yarinya ga wanda ya yaudare ta ya kuma musanta ta, a kai ta gidan da uwargida za ta karɓe ta da gori safe da yamma.

Shi kuwa mutumin bai kamata ya ci gaba da zama a shagonsa kamar ba abin da ya faru ba, don akwai wasu 'yan tallar da ke wucewa ta gabansa. Amma a bi a hankali. Ki karɓi wayar nan ki adana, kada a goge saƙo ko ɗaya ko jerin kira, ita ce babbar hujjarku. Kada ku je yi masa terere, zai gudu ko ya shirya ƙarya. Ku fara zuwa cibiyar Waraka da ke asibitin Murtala, wadda aka kafa don waɗanda aka ci zarafinsu, ana duba lafiya da ba da shawara kyauta cikin sirri. Sannan ku ga lauya, ƙungiyar mata lauyoyi ta FIDA da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa suna karɓar irin wannan ƙorafi. Dokar haƙƙin yara ta tarayya ta 2003 ta ce duk wanda bai kai 18 ba yaro ne, saduwa da shi babban laifi ne ko da ya ce ya yarda, sai dai kowace jiha da tsarin dokarta, ga kuma kotunan shari'ar Musulunci. Dalilin da na ce lauya kafin kotu ke nan. A farkon 2001 an yi wa wata yarinya bulala ɗari a Zamfara saboda cikin da ke jikinta, mazan da ta ambata kuwa aka sallame su don rashin hujja. Lauya ne zai faɗa muku inda ya dace a shigar da ƙara da yadda za a tsara ta don kada reshe ya juye da mujiya. In dangi sun zaɓi sulhu ta hannun Hisba ko mai unguwa, a rubuta abin da zai ɗauka na awo da haihuwa da rainon jariri a gaban shaidu, kuma kada a karɓi kuɗin toshiyar baki.

Abin da za a haifa ba shi da laifin kowa, Alƙur'ani ya maimaita cewa wani rai ba ya ɗaukar nauyin wani. Mafi yawan malamai sun ce ga uwarsa ake danganta shi, yana gadonta tana gadonsa, kakansa kuma yana iya yi masa kyauta ko wasiyya. A yanka masa rago in da hali, a raɗa masa suna, a karɓo masa takardar haihuwa daga Hukumar Ƙidaya, a yi masa rigakafi. Ta ba shi dakashi tun sa'ar farko, nono zalla har wata shida. A jego a rage kanwa a kunu, a sassauta zafin ruwan wanka, likitoci a Zariya sun daɗe da gano alaƙarsu da ciwon zuciyar masu jego. Ki ci gaba da sa ido a kan yanayinta bayan haihuwa, domin baƙin ciki mai nauyi yakan kama irin waɗannan yara, kuma a nan ne ake samun masu yar da jariri. Idan zaman unguwar ya yi muku zafi, ba laifi ta yi goyon ciki a wurin dangi a wani gari, da sharaɗin akwai asibiti kusa, kuma matar da za ta riƙe ta mai tausayi ce.

Karatunta kada ya mutu a nan. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kusan ɗaya cikin biyar na 'yan mata masu shekara 15 zuwa 19 a Najeriya sun haihu ko suna da cikin fari, kuma abin ya fi yawa nesa ba kusa ba a tsakanin waɗanda ba su yi makaranta ba. Wadda ta bar aji ta zauna ba sana'a ita ce ta fi saurin sake faɗawa hannun wani. Ki adana sakamakon jarrabawarta na ƙaramar sakandare. Bayan arba'in da 'yan watanni, in kin iya riƙe mata jaririn da rana, a nema mata canjin makaranta a wata unguwa, ko ta shiga makarantun mata na Hukumar Yaƙi da Jahilci, daga baya ta zauna WAEC ko NECO ta masu zaman kansu.

Ƙannenta mata kuma, a sauke musu tallar yamma daga yau. Ki soya awarar a ƙofar gida ko ki ba masu sari, ko da ribar ta ragu. Ki zauna da su ki yi musu bayanin al'ada da yadda ciki ke shiga, da bakinki, a fili, don kunyar da muke ji ita mazan nan ke amfani da ita. Su san duk namijin da ya ba su abu ya ce kada su gaya wa Umma, shi ne na farkon da za su kawo miki labarinsa, kuma ba za a dake su ba. Ki riƙe wannan ma: idan aka taɓa yarinya, kai ta asibiti cikin awa 72 yana ba da damar ba ta maganin kariya daga ƙanjamau, na hana ɗaukar ciki kuma yana aiki har zuwa kwana biyar.

Ke ma in kun je awon, ki miƙa hannu a auna miki hawan jini, rashin barcin nan ba zai bar ki haka ba. Ki sake rubuto mini da abin da hoton ya nuna da yadda zama da mahaifinta ya kasance, sai mu ɗora daga nan. Allah Ya sauke ta lafiya.